Hulata a Birnin Rum

Ba zan taɓa mantawa da Juma'ar da aka haɗa wayata da talabijin ɗin Alhaji Abakar ba. Ko na so in manta, mutanen majalisarmu ba za su bari ba, don har yau in na yi sallama sai wani ya fara laluben aljihu yana tambayata ko ina da canji. Tunda kowa yana ba da labarin yadda ya ga dama, gara ku ji shi daga bakina. Kuma tun yanzu in faɗa muku, kunya kam na sha ta har na ƙoshi, amma nadama ban yi ba.

Aikin injiniya ne ya kawo ni Jidda, ofishinmu yana unguwar Bagdadiyya, gidanmu ma ba nisa da nan. Lokacin da muka zo, babban ɗana Faisal rarrafe yake yi, ƙannensa mata biyu kuwa a nan aka haife su. Faisal yana jin Hausa sarai, amma in ka yi masa magana da ita, rabin amsar da Larabci za ta dawo maka. Wannan na haƙura da shi. Abin da ya tsaya min a rai shi ne tufafi. Tun yana firamare, wata rana bayan Sallah ya tafi makaranta da hula a kai, yara suka fizge ta suna jifan juna da ita suna kiransa takaruni, sunan da ake kiran irinmu da shi a nan in ana son a ƙasƙanta mutum. Daga ranar bai ƙara ɗora hula a kansa ba. Duk Sallah sai na kai wa telana a unguwar Nuzla yadi ya ɗinka masa kaftani, duk Sallah sai kaftanin ya kwana a durowa, shi kuma ya fito da farar jallabiya irin ta 'yan gari. Abin yana ci min rai ƙwarai, domin a ganina ba kaftanin yake jin kunya ba, ni yake jin kunya.

Wata rana muna cin abinci na sake tayar da zancen.

"Ya Baba, halas, ya isa haka," in ji shi. "Wannan kayan na Najeriya ne. A waje mutane dariya suke yi."

Na ajiye cokali na ce, "Babu ƙasar da mutum zai shiga da babbar riga ba a girmama shi ba."

"Har Turai?"

"Har Turai!"

Dama mun daɗe muna shirin hutun zafi a can, an gama wahalar biza, an samo takardar fita da dawowa. To wannan magana ita ta sauya min shiri gaba ɗaya. Na cika akwati guda da manyan riguna, shadda sai ƙyalli take, kowace da hularta. Maman Faisal ta leƙa akwatin ta dube ni.

"Abban Faisal, yawon buɗe ido za mu, ko ɗaurin aure aka gayyace ka ban sani ba?"

Na ce mata darasi zan koyar. Ta ce Allah ya ba da sa'a, da irin muryar da take yi wa mai shirin gyaran famfo da kansa.

A Faris muka fara sauka, kuma gaskiya birnin bai taimake ni ba. Ƙofar jirgin ƙarƙashin ƙasa ta cafke min hannun riga, haka na yi tafiyar tasha guda a manne da ita kamar wanda aka ɗaure. A gindin doguwar hasumiyar ƙarfen nan kuma iska ta shiga rigar ta kumbura ni, har ƙaramar 'yata ta riƙe min gefe wai kada in tashi sama. A Barsalona na hau matakalar wani lambu, na taka bakin rigar, saura ƙiris in gaisa da ƙasa da goshi. Duk wannan ko a jikina. Abin da ya dame ni shi ne Faisal. Tun ranar farko ya karɓi wayata ya ce shi ne mai ɗaukar hoto. Na yaba masa, sai daga baya na gane dabararsa, wato mai ɗaukar hoto ba ya fitowa a ciki. Duk inda muka je yana can gaba ko can baya, da wandon jins da abin jin kiɗa a kunne, kamar jirgi ɗaya kawai muka hau da shi.

Sai Allah ya kai mu Rum.

Ran da za mu ga tsohon filin dagar nan mai zagaye, wanda gefensa ya rushe, na fito da rigar da na fi ji da ita, shuɗiyar shadda mai aikin hannu tun daga wuya har ciki. Zafi ake yi sosai (Turawa sai fifita suke suna neman inuwa, ni da na fito daga Jidda ina ganin abin wasa ne). Duk da haka kafin mu isa hulata ta jiƙe da gumi. Kowane mai sa hula ya san abin da ake yi. Ba a kifa ta, don bakinta zai kwashi datti, gumin kuma ba zai bushe ba. Bakinta sama ake ajiye ta ta sha iska. Na ciro wata daga jakar Maman Faisal na kafa, jiƙaƙƙiyar kuma na ɗora ta a kan wani guntun dutse a gefena, baki sama. Na gyara tsayuwa, na saɓa hannun riga a kafaɗa, na ce Faisal ya ɗauka.

Bai gama ɗauka ba wata Baturiya da mijinta suka matso, suka nuna wayarsu suka nuna ni. Na gane hoto suke so, na ce bismillah. Suna tafiya wasu 'yan mata masu kama da 'yan Japan suka zo. Bayansu wani mutum ya miƙo min jaririnsa. Kafin in ankara an yi layi, layi na sosai, har yana lanƙwasa. Ni kuwa kaina ya kumbura. Ina juya kafaɗa, ina ɗaga haɓa, wani lokacin in ware hannuwa rigar ta baje su yi ta tafi. Tsakanin hoto da hoto sai in waiwayi Faisal in ɗaga masa gira, ma'ana ka gani ko? Shi kuma ya kasa tsayawa wuri ɗaya, yana ta zagayawa ta bayana.

Ana cikin haka wani ƙato ya nufo ni cikin kayan sojan Rum na zamanin da, da hular ƙarfe mai jan gashi da takobi a ɗamara. Ya tsaya a gabana yana magana da ƙarfi, yana nuna ƙasa, yana nuna ni, yana buga ƙirji. Ban ji ko kalma ɗaya ba, amma ban ɓata lokaci wajen fassara ba. A raina na ce ai hukumar wurin ce ta ga babban baƙo ta turo a tarbe shi. Na kama hannunsa da hannu biyu na girgiza, na dafa ƙirji na yi masa godiya da Turanci da Larabci, har na ja shi muka yi hoto. Ya fizge hannunsa ya tafi yana surutai. Na ce wa Maman Faisal, "Kin ga mutanen nan, ko maraba suke yi kamar faɗa." Ta rufe baki da gyale ta ce tari ne ya sarƙe ta.

Da muka bar wurin Faisal ya miƙo min busasshiyar hulata, sannan ya ce yau shi zai saya wa kowa askirim. Na ji daɗi har cikin raina. Na sha mai ɗanɗanon fistak, wata irin koriyar gyaɗa, ina sha ina sa masa albarka, ina gaya wa ƙannensa su yi koyi da yayansu wajen tattali da kyauta.

Muka dawo Jidda da tsaraba da hotuna cike da waya.

Majalisarmu ta Juma'a a gidan Alhaji Abakar ake yin ta, a unguwar Hindawiyya, bayan la'asar. Alhaji Abakar dattijo ne, Bahaushen Sudan, yana sayar da turaren wuta, kuma falonsa yana da talabijin mai faɗin tabarma. Ana zama a ƙasa, a jingina da matasai, shayi yana zagayawa. Cikin 'yan majalisar akwai Dakta Lawal, likitan ido, wanda ya yi karatu a Turai kuma ba ya barin kowa ya manta da haka. Shi ya rubuta min tabarau tun tuni, ni kuma na ƙi sawa sai a ofis, don a ganina yana tsufar da ni. Ku riƙe wannan, zai yi amfani.

Tun a mota Faisal yake cewa, "Baba, ba lazim ba ne, ba dole a nuna duka ba." Na ce duka za a nuna, kuma shi zai haɗa wayar. Ba ɓoye-ɓoye, so nake ya zauna ya ji manyan mutane suna tabbatar da maganata.

Aka fara. Faris ta wuce, Barsalona ta wuce, ana ta masha Allah. Da aka iso Rum sai na miƙe tsaye, don irin wannan bayani ba a yin sa a zaune.

"Jama'a, ku dubi layin nan. Duk ni suke jira. Turawa ne fa, masu ƙera jirgin sama, amma da suka ga babbar riga sai da suka tsaya."

"Masha Allah, ya Abu Faisal," in ji Alhaji Abakar. "Ka ɗaga mana kai."

Hoton sojan ya fito, na ce wannan wakilin hukuma ne da aka turo ya yi min maraba. Na ga Dakta Lawal ya gyara zama ya ɗan karkata kai.

Sai aka zo kan hoton da na fi so duk cikinsu. Maman Faisal ce ta ɗauke shi da wayarta daga nesa ta turo min, kuma dalilin son da nake masa ɗaya ne: shi kaɗai ne hoton da ni da Faisal muka fito tare a tafiyar gaba ɗaya. A waya na sha kallonsa, ba tabarau, ina ganin kaina a tsakiya da wani abu mai kama da ɗana a gefe. Hoton na fitowa Faisal ya yi wuf zai wuce shi.

"Yalla Baba, mu je na gaba."

"Dawo da shi," na ce. "Ai wannan ne hoton."

Ya dawo da shi. Kowa ya zuba wa hoton ido. Dakta Lawal ya taso ya matsa gaban talabijin, ya nuna ƙasan hoton da yatsa.

"Injiniya, wannan ba hularka ba ce a kan dutse?"

"Ita ce. Iska take sha."

"To me wannan tsohuwar take jefawa a ciki?"

Na matso. A faɗin talabijin ɗin nan ko makaho sai ya gani. Ga hulata baki sama, ga tsohuwar Baturiya ta sunkuya tana sakin kwabo a ciki, ga wasu kwabban suna ƙyalli a gindinta har da takarda a naɗe. Ga kuma ɗana na cikina a durƙushe, hannu ɗaya a cikin hular, ɗayan a aljihu, yana waige kamar mai tsoron a kama shi. Ni kuwa ina tsakiya na ware hannuwa, haƙora duk a waje.

"Wancan sojan kuma," in ji Dakta, yana danne dariya, "ba wakilin kowa ba ne. Sana'arsa ke nan, ya sa kayan da, a yi hoto da shi a biya shi. Wurin cin abincinsa ka tsaya. Korarka ya zo yi."

Wallahi ban taɓa jin dariya irin ta ranar ba. Wani ya ƙware da shayi, wani ya kwanta a kan kafet yana dukan matashi. Alhaji Abakar da ba a cika ganin haƙoransa ba ya rufe fuska da rawani, kafaɗunsa suna girgiza, yana cewa, "La haula, ya jama'a, ku bari, aib ne, babu kyau," amma shi ma ya kasa bari. Gumi ya keto min duk da sanyin na'urar ɗakin. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige da rigar da komai.

Na juya wajen Faisal. "Kuɗin fa?"

Da na sani da ban tambaya ba. Ya sunkuyar da kai ya ce, "Askirim, ya Baba."

Nan fa falon ya sake ɓarkewa. Ashe askirim ɗin da na sha ina sa wa yaro albarka, gumina ne na sha.

Amma dariyarsu ba ita ta fi yi min ciwo ba. Na kwaso akwati guda na ratsa ƙasa uku don in nuna wa yaron nan cewa kayanmu abin girmamawa ne, sai ga shi da hannuna na tara masa shaidu cewa shi ne mai gaskiya. Na san daga yau an gama, ko gawata aka ce ya raka da hula ba zai sa ba. Wannan tunanin ne ya harzuƙa ni, sai na ji kunyar ta juye ta zama fushi.

"To sai me?" na ce da ƙarfi. "Na roƙi wani ne? Su suka ga abin da ya burge su. Kai Dakta, shekarun da ka yi a Turai da kwat da laƙataye, akwai wanda ya taɓa tsayar da kai ya ce zai yi hoto da kai, ko a kyauta?"

Aka yi masa ihu shi ma. Ya buɗe baki zai rama, sai wata murya ta riga shi daga wajen talabijin.

"Ya ammi, Baffa Dakta." Faisal ne, kuma da Hausa yake magana, a hankali, yana zaɓar kalmomin ɗaya bayan ɗaya. "Sojan nan, babu mutum ko ɗaya a wajensa. Shi ya sa ya yi fushi. Layin duka na Babana ne."

Alhaji Abakar ya sauke rawanin daga fuska ya dube shi. "Sadaƙta, ya waladi. Ka yi gaskiya." Aka ci gaba da dariya, amma ni ban ƙara jin ta sosai ba, don ban taɓa jin yaron nan ya jera Hausa mai tsawon haka a gaban mutane ba.

Muka kama hanyar gida. Sai da muka tsaya a danja na daure na ce, "Ka ci gardama. Ɗan wasa suka ɗauke ni."

"La, a'a Baba." Yana kallon titi. "Ni na tsaya ina jira su yi dariya. Ba su yi ba. Ita tsohuwar nan, da ta gama, ta tambaye ni aikin rigar da hannu aka yi? Na ce na'am. Ta ce ba ta taɓa ganin irinsa ba. Sai ta ce, babanka ne?"

"Ka ce mata me?"

"Na ce na'am mana."

"To me ya hana ka gaya min zancen kwabban tun a can?"

Ya juyo ya dube ni. "Kana farin ciki sosai. Ban so in ɓata ba."

Danja ta ba da hannu ban gani ba, sai da na baya suka cika ni da oda. Da muka isa gida na tuhumi Maman Faisal, ta ce ita ai ta faɗa min tari ne, kuma har yau tarin bai sake ta ba in ta tuna.

Juma'ar da ta biyo baya ina tsaye a ƙofa ina neman mabuɗin mota, Faisal ya fito daga ɗaki cikin kaftanin Sallar da ta wuce. Ya yi masa kaɗan, wuyan hannunsa duk a waje, wandon bai kai idon sawu ba. A kansa kuma hular nan ce, ita dai ta kan dutse, ya kafa ta a karkace. Na miƙa hannu zan gyara masa ya goce.

"Haka nake so. Yalla, za mu makara."

Na lalubo mabuɗin na bi bayansa.

Darasin da na koya ba shi da yawa. In likita ya rubuta maka tabarau ka sa, musamman kafin ka haɗa wayarka da talabijin ɗin wani. In kuma hularka ta jiƙe a Turai, ka riƙe ta a hannu har ta bushe. Iyakar abin da na yarda na yi kuskure ke nan, saura kuwa ina kan bakana. Hoton nan na kai an wanke shi babba, yana rataye a falona, da tsohuwar da kwabbanta da ɗana a durƙushe, duk mai son dariya ya zo ya yi a kan kujerata in ba shi shayi. Baɗi in Allah ya kai mu Landan za mu, kuma tuni na kai wa telana na Nuzla shadda. Kala ɗaya, aiki iri ɗaya, riga biyu.